Ƙullutu a wuya, kunne ɗaya a toshe, jini a kaki: a leƙa bayan hanci kafin a sa wuƙa

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya daga Marwa, bari in taƙaita ta saboda masu karatu. Ƙaninsa ɗan shekara 19 ne, wata huɗu kenan da wani ƙullutu ya fito masa a wuya ɓangaren hagu, ƙasan kunne, ba ya masa ciwo amma kullum ƙara girma yake. Kunnen hagun ya toshe, ji ya ragu, da safe in ya ja majina ta baya ya tofar sai a ga jini-jini, ga ciwon kai. An sha amoksisilin zagaye uku, an wanke kunne, wanzami ya cire belu, daga baya aka ɗora shi kan maganin tibi, wato tarin fuka, wata biyu kenan yana sha, kuma ba a ɗebi komai daga ƙullutun an auna ba. Yanzu wani ya ce a kawo shi a yanke ƙullutun kowa ya huta, tsofaffin gida kuma sun ce daji ne, daji ba ya son ƙarfe, a koma na gargajiya. Yana tambaya wanne za su bi.

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ɗawainiya, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Amsata a gajarce, duka biyun kar ku bi ko ɗaya. Kar a yanke ƙullutun nan yanzu, kar kuma a zauna gida ana shafe-shafe da hayaƙi. Abin da yaron nan yake buƙata cikin satin nan shine likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda za ka ga an rubuta ORL a ƙofarsa, ya leƙa bayan hancinsa da kyamara. Wannan dubawar guda ɗaya ita ce ba a yi ba duk cikin wata huɗun nan, kuma a ganina ita ce ya kamata a fara da ita tun ranar da aka ji kunne da wuya sun haɗu a ɓangare ɗaya.

Bari in maka bayanin dalili don in ka je asibiti ka san abin da kake nema, kar a sake rubuta muku ordonansi, wato takardar magani, a sallame ku.

Wuyan mutum cike yake da 'yan ƙananan kaluluwa, sun fi ɗari, a jere gefe da gefe. Aikinsu kamar shingen jandarma ne a kan hanya, duk abin da ya taso daga baki, hanci, kunne, maƙogwaro ko fatar kai sai ya bi ta wurinsu sun tare shi. To in ka ga shinge ya cika maƙil, ai ba shingen ne ya haifi mutanen ba, daga wani gari suka taso. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa in ya taɓa ƙullutu a wuya, tambayar farko da yake yi ita ce daga ina abin ya taso. Mafi yawan lokuta amsar mai sauƙi ce, haƙori ne ya ruɓe, ko ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje a kai wajen yara, irin wannan kumburin yana ciwo in an taɓa, kuma cikin sati biyu zuwa uku ya sace. Wanda ba ya ciwo, mai tauri, ya wuce sati uku yana ƙaruwa, shi ne ba a wasa da shi ko da mai shi yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa.

Yanzu ka haɗa da kunnen. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta tashi daga cikin kunne, bayan dodon kunne, ta ɓulla can bayan hanci, sama da inda belu yake rataye. Ita ce take buɗewa ka ji kunnenka ya yi ƙas in ka haɗiyi yawu, wanda ya taɓa hawa tudun Ngawundare a mota ya san abin da nake nufi. In wani abu ya tsiro a bakin wannan hanyar ya danne ta, iska ba ta shiga kunnen, sai ruwa ya taru bayan dodon kunne, ji ya ragu. Wajen ƙananan yara wannan ruwan ba abin mamaki ba ne, mura ma tana kawo shi, kuma galibi kunne biyu ne. Amma saurayi ko babban mutum, kunne ɗaya tak, wata da watanni, dokar da ake koya wa duk mai koyon aikin nan ita ce sai ka ga bayan hancinsa da idonka kafin ka ce ba komai. Wankin kunne kuwa ba zai taɓa kai wa ga ruwan nan ba, tunda wankin a waje yake tsayawa, ruwan yana ciki bayan dodo, shi ya sa kuka ga ba abin da ya canja.

Ƙullutu a saman wuya, kunne a toshe a ɓangare guda, jini a kakin safe, ciwon kai. Waɗannan huɗun in sun taru, abin da ya kamata a fara kawarwa shine kansar bayan hanci. Na faɗa maka sunan ƙarara don kai ne babba kuma kai za ka tsaya a kan lamarin, amma ka riƙe cewa zato ne na likita, tabbaci sai an ɗebi tsoka an duba a madubin awo. A takardun asibitinmu za ka ga suna rubuta cavum, wurin kenan, wani lokaci kuma UCNT, nau'in da ya fi yawa.

Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba a yawancin duniya, shi ya sa ma'aikacin lafiya zai iya shekaru bai haɗu da shi ba, in ya haɗu da shi kuma ya ɗauka tibi ne. Inda ya fi yawa kudancin Sin ne da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, sai arewacin Afirka, Tunisiya, Aljeriya, Maroko, kuma a can arewacin Afirkan an lura yana kama matasa 'yan shekara goma sha zuwa ashirin da wani abu, ba tsofaffi kawai ba. Mu ma nan muna ganinsa. Don haka maganar wai yaro ne ƙarami ina shi ina kansa, a ajiye ta gefe. Yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 cikin tsokar wata kansar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Kar wannan ya tsorata gidan, ƙwayar nan fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita tun yarinta, ta yawu ake ɗauka, kuma kusan kowa yana rayuwa da ita lafiya lau har tsufa. Ita kansar ba a ɗaukarta, kar a ware masa kwano, kar a hana shi zama cikin 'yan uwansa. A Sin an tabbatar da hannun wani irin kifi mai gishiri da suke ci tun suna yara, taba ma tana ƙara haɗari, amma ni dai ban hana kowa cin bandarsa ba.

Sai maganar tibi. Wanda ya ɗora shi kan maganin ba wauta ya yi ba, don a yankinmu in matashi ya zo da ƙullutun wuya mara ciwo, tibin kaluluwa na cikin abin da ya fi yawa, nesa ba kusa ba. Kuma gaskiya ne ko tibin ne ma, kaluluwar takan ƙara kumbura a farkon shan magani kafin ta sauka, don haka girman da ta ƙara shi kaɗai bai isa hujja ba. Inda matsalar take, tibin kaluluwa ba ya bayyana mana toshewar kunne da jinin nan, sannan an fara magani ba awo alhali awon yana nan, ana zuƙo ɗan ruwan ƙullutun da allura a sa a injin GeneXpert, cikin awa biyu injin yake gama aikinsa. Shawarata kar ku tsayar da maganin da kanku. Maganin tibi wata shida ne, wata biyu ƙwaya huɗu, wata huɗu ƙwaya biyu, tsayar da shi barkatai shi ke haifar da tibin da ba ya jin magani. Ku ɗauki katinsa ku tafi da shi wajen ORL ɗin, in sakamako ya fito su likitocin za su yanke a ci gaba ko a tsaya. In kun ga fitsarinsa ya yi ja-ja, rifamfisin ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyin tibin, ba jini ba ne.

Na uku da ke cikin lissafi kansar kaluluwar ce kanta, limfoma, ita ma tana son matasa, tana iya tsirowa a bayan hanci ta toshe kunne haka nan, wani lokaci da zazzaɓin dare da gumi mai jiƙa riga da rama. A kanta ne zan roƙe ka abu ɗaya da babbar murya. Kar a ba shi deksametazon ko firedinizolon, ƙwayoyin nan da ake sayarwa a tebur a kasuwa, waɗanda mata ke sha don ƙiba, masu ciwon gaɓɓai kuma ke sha don sauƙi. In limfoma ce, kwana kaɗan za ku ga ƙullutun ya narke, gida ya ɗau murna, mai maganin ya karɓi tukuici, bayan 'yan makonni ya dawo ya fi da, kuma mafi muni in aka ɗebi tsoka a lokacin mai duba ta ba zai gane komai ba don maganin ya ɓata ƙwayoyin da yake nema. Wasu masu haɗa maganin gargajiya ma suna daka ƙwayoyin nan a cikin garinsu, don haka a dakata da duk wani gari da jiƙo har a gama awo.

To me ya sa na ce kar a yanke? Nan ne nake so ka fahimce ni da kyau don kar a je gida a ce ai likita ma ya yarda daji ba ya son ƙarfe. Ban yarda ba. Wannan maganar ta kashe mutane da yawa, mace za ta zauna da ƙari a nono shekara guda tana tsoron allura har ya fashe. Allura ba ta tayar da kansa, awo ba ya tayar da ita. Dalilina daban ne. Na farko, in daga bayan hanci abin ya taso, ka yanke ƙullutun wuya ka bar uwar a inda take, ba ka yi maganin komai ba, ka kashe kuɗi, ka ɓata wata guda ana jinyar ɗinki. Na biyu, yanka ƙullutu irin wannan ba bisa tsari ba yana buɗe shimfiɗun naman wuya, ya bar tabo, ya dagula wa masu gasa ciwon da inji da masu fiɗa aikinsu daga baya. Na uku, akwai wata jijiya da ke ratsa gefen wuya daidai inda waɗannan kaluluwar suke, ita ke ɗaga kafaɗa, hannun da bai saba ba yana tsinke ta, yaro ya tashi kafaɗa ta zube ba ya iya ɗaga hannu sama sosai. In kuma tibi ne aka tsaga, ramin yakan ƙi rufewa ya yi ta tsiyaya wata da watanni. Sakiya da tsaga da ƙaho a wurin duk hukuncinsu ɗaya. Akwai lokacin da ake cire kaluluwa ɗungurungum a kai awo, musamman in limfoma ake zargi, amma wannan sai bayan an leƙa hanci da maƙogwaro an yi na allura, kuma wanda ya san wuya ne zai yi.

Ga yadda dubawar take don ka kwantar masa da hankali. Zama zai yi a kujera, ba a sa shi barci. Za a fara haska kunnen, in ruwa ne za a ga dodon kunnen ya dushe ya koma ruwan zuma, wani lokaci har da 'yan kumfa a bayansa. Sai a fesa masa maganin kashe zafi a hanci, mai ɗaci ne, zai gangara maƙogwaro ya ji kamar ba ya iya haɗiya, ba ya daɗewa zai wuce. Sai a zura wata 'yar igiya baƙa mai laushi, kaurinta milimita 3 zuwa 4, da fitila a bakinta, ta bi ƙasan hanci a hankali. Idonsa zai kawo ruwa, zai so yin atishawa, shi kenan wahalar. Cikin minti biyu uku likita ya isa bayan hanci, ya ga bakin hanyar kunnen nan ta dama da ta hagu, ya kwatanta su. Akwai wani ɗan lungu a bayan bakin hanyar, nan ne ciwon ya fi fara tsirowa, lafiyayye a lotse yake, mara lafiya kuma za ka ga ya cike ya tasa, fatarsa ba santsi, da an goga sai jini. Daga nan ya gangara ya duba gindin harshe da akwatin murya. Inda babu kyamarar, tsofaffin likitoci suna yi da ɗan ƙaramin madubi mai dogon hannu, a ɗumama shi don kar ya yi raɓa, a danne harshe a zura ta baki a juya shi sama. Yana aiki a hannun gwani, amma kyamara ta fi.

In an ga tsiro, daga shi ake tsinko 'yar tsoka, a jefa a kwalba mai formol, ruwan da ke hana ta lalacewa, a aika wa masu duba tsoka, daga arewa galibi Yawunde ake aikawa, Centre Pasteur na cikin masu yi. Yakan ɗauki makonni, ka karɓi lambar kwalbar da lambar wayar wanda zai bi maka sawu, kar ka koma gida ka zauna jiran a kira ka. Amma akwai tarko guda da ya shafi samari maza masu shekarun ƙaninka. Akwai wani tsiro da ba kansa ba ne, anjiyofibirom, cike yake da jijiyoyin jini, samari maza kaɗai yake kamawa kusan a ce, yana toshe hanci ɗaya ya riƙa kawo haɓo mai yawa. Shi ba a tsinkarsa sam, in aka taɓa jinin da zai ɓalle sai an yi da gaske. Ba ya kawo ƙullutu a wuya, don haka bai yi kama da na ƙaninka sosai ba, amma in likita ya ga abu ja sumul ya ce sai an yi sikana, hoton cikin kai na inji, kafin ya taɓa, kar ka ga kamar jan rai ne ko neman kuɗi, daidai ya yi.

Sauran awon ba su da yawa. Eko na wuya, wato hoto irin wanda ake wa mata masu ciki, zuƙo ruwan ƙullutun da siririyar allura a raba biyu, rabi na tibi rabi na duba ƙwayoyi, awon jini, awon sida, wato ƙanjamau, wanda muke wa duk mai irin wannan kumburin ba don zargi ba, hoton ƙirji, sai sikana ta kai da wuya wadda ake yi da allurar ruwa a jijiya, kafin ita a auna ƙoda. Ka fara da asibitin rejiyonal na nan Marwa, ka tambayi sashen ORL, ka tambaya ƙarara ko suna leƙa hanci da kyamara. In ba ta samu ba kar ka tsaya jira, Garwa kilomita 200 da 'yan kai ne.

In Allah ya ƙaddara kansar bayan hancin ce, ga abin da nake so ka sani tun yanzu. Ba fiɗa ake mata ba, wurin yana can tsakiyar kai ƙarƙashin ƙoƙo, kuma ba a ma buƙata, don tana cikin kansar da suka fi jin gashi. Gashin na inji ne, ba wuta ake sa masa ba, kwanciya zai yi a ɗaure kansa da wata fuska ta roba da aka yi daidai shi don kar ya motsa, injin ya zagaya 'yan mintuna, ba ya jin komai a lokacin. Litinin zuwa Juma'a, zama 33 zuwa 35, wajen sati bakwai, a haɗa da kimiyo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, wanda ake kira sisfilatin, wani lokaci a fara da kimiyon zagaye biyu ko uku kafin gashin. Har ƙullutun wuyan gashin ne ke narkar da shi. Kuma saukowarta wuya ba ya nufin an makara, da yawa da haka ake gano su kuma su warke su yi aure su haihu. Wahalar tana zuwa ne daga sati na uku, baki ya yi gyambo, yawu ya ƙafe, abinci ya daina ɗanɗano, mutum ya rame, a nan ne ake buƙatar mai jinya mai haƙuri da kunun gyaɗa, madara, ƙwai, romo, kaɗan-kaɗan dare da rana. A duba haƙoransa kafin a fara, ruɓaɓɓe a cire shi tun kafin gashi don cirewa bayan gashi yana hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Sisfilatin kuma yana taɓa ƙoda da ji, sai shan ruwa da yawa. Babban abin da ke ɓata maganin shine yankewa a tsakiya, mutum ya yi zama 15 ya ga ƙullutu ya ɓace ya ce ya warke, ko kuɗi su ƙare. Shi ya sa nake cewa kar a ɓarnatar da kuɗin yanzu wajen yanka da jiƙe-jiƙe, gaba ake buƙatarsu.

Gashi kuwa, babban asibitin Duwala da ke kudu, Hôpital Général, yana yi. Tafiya ce, mota zuwa Ngawundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan mota zuwa Duwala, kuma zaman wata biyu ne ko fiye. Ka fara neman masauki tun yanzu wajen 'yan uwa a New Bell, ko Birikitari in a Yawunde za a yi wani ɓangaren. Injin gashi ko a ina yake yakan tsaya a gyara shi, don haka likitanku ya kira ya karɓo randebu, wato ranar da za a gan ku, kafin ku sayar da saniya ku kama hanya. Ka nemi a rubuta maka lissafin kuɗin gaba ɗaya a takarda, ka kuma leƙa ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin, ba abin kunya ba ne.

Belun da aka cire kuwa, an riga an yi, ba zan tsaya faɗa ba. Amma bai da laifi a ciwon nan ko kaɗan, kuma ina roƙon masu karatu, belu ba ya kashe mutum, ba ya hana yaro ƙiba, askar ce ke kawo zubar jini da tetanus da ciwon hanta. In wurin na wari ko bakinsa ya fara ƙin buɗewa a faɗa wa likita, a kuma faɗa masa an cire, kar a ɓoye.

Tunda wasu za su karanta su ce ni ma ina da ƙullutu, bari in taɓa kaɗan daga cikin waɗanda ba a cika gani ba amma ake kuskurensu. Wanda yake tsakiyar wuya daidai, in mutum ya zaro harshe sai ya hau sama, wannan jaka ce da aka haife shi da ita, ragowar hanyar da maƙoƙo ya bi tun yana ciki, in aka tsaga ta dawowa take, aikinta sai an cire har da tsakiyar wani ɗan ƙashi da ke gindin harshe, yadda Sistrunk ya tsara tun 1920. Wanda kuma ka ɗora yatsa ka ji yana bugawa tare da zuciya, a gefen wuya ƙasan muƙamuƙi, yana motsawa gefe da gefe amma ba ya hawa ba ya sauka, wannan a kan babbar jijiyar jinin kai yake zaune, ko allura ba a soka masa, balle askar wanzami. Akwai tsiro ɗan uwansa da ke fitowa cikin kunne, mai shi zai ce maka yana jin bugun zuciyarsa fuu fuu fuu a kunne ɗaya, ya fi da dare.

Na kunne wanda ya fi ba ni takaici shine kunnen da ke tsiyayar mugunya mai wari shekara da shekaru, tun yarinta, an ɗiga magani iri-iri, an ɗiga man shanu, an ɗiga ruwan ganye, har gida sun saba sun ce haka kunnensa yake. Wani daga ciki fata ce ta shige cikin kunnen ta dunƙule tana cin ƙashi a hankali, kolestiyatom ake ce masa, ba kansa ba ne amma ba ɗigon da ke kashe shi sai fiɗa. Mugunyar ba ta da yawa, warin ne ya fi ta, kuma rashin ciwon ne ke yaudarar mutane. Ranar da ya cinye ƙashin da ke tsakaninsa da jijiyar fuska sai baki ya karkace a ce iska ce ta buge shi, ranar da ya huda sama kuma sai zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, mugunya ta shiga ƙwaƙwalwa. Duk mai irin kunnen nan da ya fara jiri ko fuskarsa ta karkace, asibiti a ranar. Haka tsoho mai ciwon suga da kunne ke hana shi barci da azaba sati da sati, nasa ciwon ƙashi yake ci, maganinsa sati shida ne ko fiye tare da saita suga. Wanda ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya mutu ɗif kuma ba dauɗa ba ce ta toshe, yana da kamar sati biyu ne a gwada ceto jin, bayan nan da wuya. Muryar da ta dishe ta wuce sati uku, musamman mai shan taba, ita ma kyamarar nan ce. Yaro kuma mai zazzaɓi da wuya ya kumbura gaba ɗaya cikin kwana biyu uku, da farin abu manne a maƙogwaro, a tuna da mashaƙo, mun ga abin da ya yi a Kano a 2023, ba a kai shi wajen wanzami.

Mu koma kan ƙaninka. Kafin ranar ganin likita, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kar ka jira randebu, ku tafi irjans, sashen gaggawa: haɓon da ya ƙi tsayawa bayan an matse hanci minti goma, numfashi mai ƙara ko wahalar haɗiya, ganin abu ɗaya ya zama biyu ko ido ya karkace, rabin fuska ya mutu ba ya jin taɓi, ko ciwon kai mai tsanani da amai. Don ciwon kan a ba shi parasetamol, a bar asfirin da ibufirofen da diklofenak saboda jinin. Ku tafi da karnensa na asibiti, katin tibi, da kwalayen duk maganin da ya sha har na gargajiyar, ka rubuta a takarda watan da kowace alama ta fara, wanne ya riga wanne, kunne ne ko wuya, don a gaban likita mutum yakan manta. Kai ka shiga da shi da kanka, ka buɗe baki ka ce likita ina so a duba cavum, in an ce a sake gwada wani antibiyotik na sati biyu ka ce an sha zagaye uku. Hajiya kuma a gaya mata awo za a je yi, sunan ciwo a bari sai takarda ta fito, shi yaron dai ba ƙarami ba ne, in ya tambaya kar a yi masa ƙarya.

In an yi kyamarar da ekon, ka ɗauki hoton takardun ka turo min, ka rufe sunansa da yatsa, sai in faɗa maka wanne awo ne zai biyo baya da wanda za ku iya bari don kuɗin su kai ku.